Attajiri ya rasu shekara shida ba a raba gado ba: daga ina ake farawa?

Ɗan Fatake:

Assalamu alaikum. Malamai da lauyoyi, ga wata mas'ala irin wadda ta cika kotunan Kano, ina so a warware mana ita dalla-dalla. A ce attajiri ne jikan fataken goro, ya rasu shekara shida ke nan ba a raba gado ba. Ranar da ya cika ya bar mahaifiyarsa da rai, da mata uku, da 'ya'ya maza biyar, mata bakwai. Akwai babban ɗansa da ya riga shi rasuwa ya bar yara huɗu, a gidan suka tashi. Dukiya kuwa akwai gidan gado a cikin birni, da gidajen haya, da rumfuna a kasuwa, da gona, da kamfani mai rajista wanda ɗa na biyu yake juyawa har yau. A cikin shekarun nan tsohuwar ta rasu, ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ma ta rasu a ɗakin mijinta. Yanzu kuma wani ya zo daga Kumasi ya ce shi ma ɗa ne, amarya kuma ta ce gidan da take ciki kyauta Alhaji ya ba ta. Wa ke ci, wa ba ya ci, kuma wace kotu ce ke da hurumi?

Malam Na-Zaure:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lissafin kaso shi ne mafi sauƙi a nan, ɗalibin da ya sauke babin gado a Risala zai yi shi a bayan ambulan. Abin da ke cinye shekaru shi ne tantance wace dukiya ce ta mamaci, da su wane ne magada. Amma bari in fara da lissafin don kowa ya san inda ya tsaya.

Kafin a kira sunan magaji ko ɗaya, akwai abin da ake cirewa bi da bi a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita. Farko haƙƙin da ya rataya a wuyan wata kadara ita kanta, kamar gidan da aka jinginar wa banki. Sai likkafani da kuɗin kabari gwargwadon al'ada. Sai basussuka, har da ragowar sadakin mata in akwai. Sai wasiyya, daga sulusin abin da ya rage, ba ta wuce nan, kuma ba a yi wa magaji ita. Shinkafar sadakar uku da bakwai da arba'in ba ta cikin wannan jeri. Mai son yi ya yi daga aljihunsa, balle in akwai marayu ƙanana a cikin magada.

A ce bayan an cire duk wannan an sami naira miliyan 240. Asalin mas'alar 24 ne, wato a kasa dukiyar kashi 24. Mata ukun su raba tumuni (ɗaya bisa takwas), kaso 3, wato miliyan 30, kowace miliyan 10. Uwargida da ta shekara arba'in a gidan da amaryar bara daidai suke, mai 'ya'ya da marar 'ya'ya ma haka. Mahaifiya sudusi (ɗaya bisa shida), kaso 4, miliyan 40. Saura kaso 17, miliyan 170. Maza biyar kowane riɓi biyu, goma ke nan, a tara da mata bakwai, 17 cif. Kowane ɗa miliyan 20, kowace 'ya miliyan 10.

Ranar rasuwa ake dubawa, ba ranar rabo ba. Don haka tsohuwa ta ci miliyan 40 ɗinta ko da ba ta taɓa ganin sisin kwabo ba, kuma da ta rasu kuɗin ya koma ga magadanta. Wannan shi ake kira munasakha. In ta bar 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, wato 'yan'uwan Alhaji, to baffanni biyu kowane ya sami miliyan 16, gwaggo miliyan 8. 'Ya'yan Alhaji ba su da komai a ciki, domin ɗa yana kange jika. Ita ma 'yar da ta rasu, miliyan 10 ɗinta: miji rubu'i in ta bar ɗa, miliyan 2 da rabi, mahaifiyarta sudusi, sauran na 'ya'yanta. Ka ga jinkiri ya shigo da baffanni da suruki cikin rabo, kuma kowane yana da bakin da zai ce bai yarda da farashin da aka yi wa gida ba. In aka ƙara shekara goma, magada 16 na farko sai su haura 40.

Jikokin nan huɗu ba sa gadon kakansu, baffanninsu sun kange su. Masar ta yi doka a 1946 da ke ba irinsu kaso a matsayin wasiyyar dole, amma alƙalanmu ba sa hukunci da ita. A bincika ko kakan ya yi musu wasiyya, domin su ba magada ba ne, tana inganta har zuwa sulusi. A kuma bincika ko ubansu yana da jari a cikin kasuwancin gidan. In yana da shi, wannan gadonsu ne na uba, a fitar musu da shi kafin komai, sai sudusin da Alhaji ya ci daga ɗan nasa shi kaɗai ya zauna a tarikarsa, wato dukiyar da ya bari. In duk babu, aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a ɗan ba dangi da marayu da suka halarci rabo, amma daga kason baligai da yardarsu.

Barista Mai Kundi:

Allah ya gafarta Malam, ka ce "an sami miliyan 240" kamar a ƙarƙashin katifa aka tsince su. Kafin a kai ga wannan adadi ake zub da gumi.

A fara da kamfani. Kamfanin da aka yi wa rajistar limited a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a ido na doka mutum ne mai zaman kansa. Tireloli da sito da asusun da ke ɗauke da sunan kamfani ba na Alhaji ba ne, na kamfani ne. Abin da ake gada hannun jarin Alhaji ne a cikinsa. Don haka aikin farko a nemo bayanan kamfanin daga CAC a ga wa ke da hannun jari nawa, su wane ne daraktoci, kuma an canza wani abu bayan ranar rasuwa ko ba a canza ba. A nan ake yawan tuntuɓe. Kafin dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya ba ya iya yi wa kamfani rajista, sai biyu ko fiye. Sai attajiri ya ce wa lauya a sa sunan ɗansa ko uwargida don a cika ƙa'ida, a rubuta musu kashi 20 ko 30 cikin ɗari, alhali ba su zuba ko kwabo ba. Bayan rasuwa ɗan ya ce nasa ne, ga takarda. Sauran su ce aron suna ne. Abin da ke raba gardamar: ya biya kuɗin hannun jarin? An taɓa ba shi ribarsa daban da albashi? Akwai shaidun da suka ji Alhaji ya ce kyauta ce?

Sannan a sa odita mai zaman kansa, wanda ba na kamfanin ba, ya bi littattafai tun daga ranar rasuwa. Ɗan da ya riƙe kamfanin shekara shida a yanka masa ladan aikinsa da sanin kowa, kada a ce ya yi a banza. Amma kuɗin hayar gidaje da amfanin gona na shekarun nan na magada ne duka, kowa gwargwadon kasonsa, kuma duk abin da wani ya karɓa a tsakani, kuɗin makaranta ne, kujerar Makka ce, kayan ɗakin aurar da 'ya ne, a rubuta shi a kansa.

Banki kuma: sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba ya mayar da mutum magaji, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Da banki ya sami labarin rasuwa zai rufe asusun, ba ya sakin kuɗi sai da takardar kotu. Ko dai umarnin kotun Shari'ar da ke rabon, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha. Masu rajistar hannun jarin manyan kamfanoni ta biyun suke nema. Wanda ya ci gaba da cire kuɗi da katin mamaci ko cakin da aka bari da sa hannu, ya sani bayanin asusu yana nuna rana da sa'a.

Batun ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99. Ana gadonsa bisa shari'ar mamaci, amma a je ma'aikatar ƙasa a duba fayil ɗin kowane fili, domin a can ake ganin jinginar da iyali ba su san da ita ba. Gidajen cikin birni da yawa ba su da satifiket, sai takardar ciniki da hannun mai unguwa, wani ma babu ko ita. Rumfa kuwa a tambaya da kyau: a wasu kasuwanni ginin na hukuma ne, abin da ɗan kasuwa ke da shi izinin zama, sai an je ofishin kasuwa an sauya suna.

Hurumi: rabon gadon Musulmi na kotun Shari'a ne, dukiya irin wannan a kai ta Babbar Kotun Shari'a. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli. Amma rigimar rajistar kamfani da tafiyar da shi ta Babbar Kotun Tarayya ce, sashe na 251. In aka cakuɗa su a ƙara ɗaya, a shekara biyar ana shari'a, a sama a rushe hukunci a ce a koma farko.

Tsohon Magatakarda:

Kan mutumin Kumasi. Kada a yi saurin cewa ɗan damfara ne, kada kuma a yi saurin rungumarsa. Gidajen fatauci irin na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shekara aru-aru suna bin hanyar Gwanja, Salaga da Kumasi. Falke ya yi wata takwas a zango, ya yi aure a can, ya haihu, wannan ba baƙon abu ba ne. Haka masu tafiya Makka ta ƙasa da suka yada zango a Sudan.

Nasaba tana tabbata da aure. A kawo shaida cewa an ɗaura aure tsakanin Alhaji da uwar, kuma an haifi yaron bayan aƙalla wata shida da ɗaurin. In bayan rabuwa aka haife shi kuma uwar ba ta sake aure ba, Malikiyya suna da faɗi ƙwarai, suna karɓar kwantaccen ciki har shekara huɗu ko biyar. Shaidu maza biyu adilai ake so, kuma a babin nasaba ana karɓar shaidar ji, wato dattawan zango su ce tun tasowarsu suke jin ana cewa wane ɗan Alhaji wane ne na Kano, ba wanda ya musa. Wasiƙun ajami, da shaidar aiken kuɗi, da wanda ya raɗa suna, da wanda ya yanka rago, duk suna ƙarfafawa. In Alhaji da bakinsa ya taɓa cewa ɗansa ne a gaban mutane, magana ta ƙare. Kamar fuska ba hujja ba ce, duk da ita ce ke fara tayar da hankalin cikin gida.

Akwai wani hukunci da mutane ba su sani ba. In biyu daga cikin 'ya'yan, adilai, suka shaida ɗan'uwansu ne, nasaba ta tabbata a kan kowa, kason 'ya'ya ya koma 19 maimakon 17. In ɗaya ne kawai ya yi iƙirari sauran suka musa, nasaba ba ta tabbata, amma mai iƙirarin zai ba shi bambanci daga nasa kason. A lissafin Malam, da an sa baƙon, ɗa zai sami miliyan 17 da dubu 895 ne kusan, maimakon 20. To ragowar miliyan 2 da dubu 105 ita zai miƙa masa.

Shawarata a zauna a rubuta jadawalin zuriya kafin a je kotu. Kowace mata da Alhaji ya taɓa aura, har waɗanda ya saka, da ranar saki, da 'ya'yan kowace ɗaki, da ranar rasuwar duk wanda ya rasu, a jere. Ranakun nan su ne komai: wa ya riga wa. A irin gidajen nan kuma suna yana ruɗi. Agola, da ɗan riƙo, da yaron shago da ya girma a zaure, da zuriyar barorin kaka, duk sunan gidan suke amfani da shi a makaranta da fasfo, kuma ba ɗayansu da ke gado. Akasin haka, in munasakha ta koma har kan kaka, 'ya'yan sa-ɗaka kasonsu daidai yake da na 'ya'yan matan aure, ita uwar ce kawai ba ta shiga tumuni. In akwai magajin da ya ɓata ba a san rai ko mutuwa ba, a ajiye kasonsa, ba a hukunta mutuwarsa don gado sai shekarunsa sun kai 70 a mashahurin zance.

Hajiya Ta-Gidan-Sama:

Malamai kun yi bayani, Allah ya saka, amma ba wanda ya leƙa cikin gida. Rana ta farko da ake ƙirga kaya, a ware kayan mata tukuna. Gado da katifa da kujeru da kwalla da abin da iyayenta suka kawo ta da shi, da lefenta, ba sa shiga tarika. In an yi gardama a kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a bar wa mace da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ya shiga gado. Inda ake kai ruwa rana shi ne gwal. Attajiri ya sayo sarƙa da awarwaro daga Dubai ko Makka ya miƙa wa uwargida ya ce "ajiye wannan". Ajiya ce ko kyauta? In ta sa shi ta je biki da suna shekara da shekaru yana gani, hujjarta ta yi ƙarfi. In yana cikin akwati a naɗe da rasit da sunansa, kishiyoyi za su ce jari ne ya adana.

Na biyu, matan da ke takaba suna da haƙƙin zama a gidan mijin wata huɗu da kwana goma, ba mai tashin su. Amma ci da sha daga ranar rasuwa a kan kason kowa yake. Shekara shida ana cefanen gida daga kamfani, ɗakin da ke da yara takwas da ɗakin da ke da ɗaya ba su ci daidai ba, su kuma 'ya'ya matan da ke gidajen mazajensu ba su ci komai ba. A yi lissafin ko a yafe da baki a gaban shaidu. Kuma don Allah a daina cewa mace "ta bar wa 'yan'uwanta maza" alhali ba a gaya mata adadin abin da ta bari ba. A kira ta da kanta, a faɗa mata kasonta da lamba, in ya so ta yafe.

Malam, batun gidan amarya fa?

Malam Na-Zaure:

Hajiya kin taɓo wurin. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In gidan haya ne ya ba ta, ta koma karɓar haya da kanta, 'yan haya sun san ita ce mai gida, shaidu biyu sun tabbatar, to nata ne, kuma ba ya rage mata tumuni. In kuwa gidan da yake kwana a ciki ne har ya rasu, kayansa na ciki, to bai saki ba, gidan ya koma tarika ko da akwai takarda. In kuma yana kwance a ciwon ajali ya bayar, hukuncin wasiyya gare ta, amarya magajiya ce, sai in sauran magada sun zartar.

Tun da an zo nan, a duba jadawalin Magatakarda da kyau: matar da ya saka yana cikin ciwon ajali tana gadonsa ko iddarta ta ƙare, ko ma ta yi wani aure. Wadda ya aura yana cikin ciwon ajali kuwa ba ta gado.

Ɗan Fatake:

Allah ya ƙara ilimi. Saura gidan gado na cikin birni. Wasu sun ce ba za a sayar da gidan kaka ba, wasu kuɗinsu suke so.

Dillalin Bakin Kasuwa:

Ranka ya daɗe, a fara tabbatar da gidan na Alhaji ne shi kaɗai. Sau da yawa gidan kaka ne da ba a taɓa rabawa ba, Alhaji ya zauna a ciki don shi ne mai hali, ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti. Daɗewa ba ta ba shi: hauzin mallaka ta hanyar daɗewa a wuri ba mai musu, tsakanin bare shekara 10 ne, tsakanin dangi kuwa sai an kai 40. In haka ne, ƙasar ta magadan kaka ce, ginin na Alhaji, a yi wa kowanne kuɗi daban.

Wajen yi wa kadara kuɗi kada a dogara da mutum ɗaya. A kawo mai ƙiyasin kadara mai lasisi, a kawo dillalan unguwar biyu da ba su san juna a maganar ba, kuma a yi wa duk kadarorin kuɗi a wata ɗaya. Farashin shekara uku da suka wuce bai da amfani yanzu, yadda naira ta faɗi. Dabarar da aka saba ita ce wanda ke son gida ya sa a karya masa farashi, a kumbura na gonar da za a tura wa mata. Maganinta a gama sa farashi, kowa ya sa hannu, kafin a san wa zai ɗauki me.

Daga nan ko a raba da yardar juna, mai ɗaukar abin da ya fi kasonsa ya cika kuɗi, ko a jefa ƙuri'a. A ƙuri'a ba a haɗa gida da gona a tukunya ɗaya, kowane iri daban. Gidan da in an yanka shi kashi 24 ba mai samun ko ɗaki da banɗaki, alƙali zai sa a sayar in wani ya nema, amma magajin da ke son riƙe shi ya fi kowa cancanta a farashin da ya tsaya a kai. Don haka masu cewa ba a sayar da gidan kaka su haɗa kuɗi su fanshi kason sauran, a sa wa'adin biya a rubuce, wata uku ko shida, in ya wuce a kai kasuwa.

In wani ya riga ya sayar da kasonsa ga bare kafin rabo, sauran suna da shuf'a: su biya mai sayen abin da ya biya su karɓe. In ɗaya daga cikin matan ce ta sayar, kishiyoyinta da suke tarayya a tumuni su ke gaba da 'ya'ya. Wanda yana gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Kason yara ƙanana kuma kada a mayar da shi tsabar kuɗi in da hali, a ba su gidan haya, alƙali ya naɗa mai kula, a rubuta sunayensu a takardar rabo da iyakokin gidan gabas da yamma, kudu da arewa, kowane ɗaki ya karɓi kwafi mai hatimin kotu.